BABI NA UKU: FEƊE ZANEN “UKU GA WATAN MAYU 1808” NA FRANCISCO GOYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar zane da matsayinsa a cikin hanyoyin da ɗan'adam yake bi wajen isar da saƙo. A wannan babi kuwa za a ɗauki zane guda ɗaya a feɗe shi, wato zanen da Francisco Goya, mutumin ƙasar Sipaniya, ya yi a shekarar 1814, wanda aka fi sani da suna “Uku ga Watan Mayu 1808”. Zanen yana nuna yadda sojojin Faransa suka harbe wasu mutanen birnin Madrid cikin dare, bayan boren da mutanen birnin suka yi musu. Za a yi amfani da ma'aunin da aka saba feɗe waƙa da shi, wato a dubi tarihin mai fasahar, da dalilin yin aikin, da zubi da tsari, da salo, sannan jigo. An zaɓi wannan hanya ne saboda mai zane da mawaƙi aikinsu iri ɗaya ne ta wata fuska: kowannensu yana zaɓen abin da zai fito da shi fili da abin da zai sakaya.

Akwai tambaya guda da babin zai yi ƙoƙarin amsawa. Goya ya nemi izinin gwamnati ne domin ya zana jarumtakar mutanen Madrid. To, shin jarumtakar ce ya zana? Ra'ayin wannan nazari shi ne, abin da ya fito a kan ƙyallen ya zarce abin da ya yi alkawari, domin babban jigon zanen shi ne munin kashe mutumin da ba shi da hanyar kare kansa.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Mai Zanen

An haifi Francisco Goya a shekarar 1746 a wani ƙauye mai suna Fuendetodos, kusa da birnin Zaragoza. Ya fara aiki a Madrid a shekarar 1775 yana zana hotunan da masaƙar sarki take kwaikwaya wajen saƙa dardumar bango. Daga nan likkafa ta yi ta ci gaba, har a shekarar 1789 aka naɗa shi mai zanen fadar Sarki Carlos na Huɗu, a shekarar 1799 kuma ya zama shugaban masu zanen fada. Wato dai matsayinsa ya yi kama da na makaɗin fada, wanda cinsa da suturarsa suke hannun sarki, aikinsa kuma shi ne fito da martabar ubangidansa.

Tsakanin shekarar 1792 da 1793 ya yi wata mummunar rashin lafiya wadda ta bar shi kurma har ƙarshen rayuwarsa. Daga wannan lokaci ayyukansa suka fara karkata ga nuna wauta da mugunta da wahalar mutane. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a shekarar 1808 yana da shekara 62. Ya bar Sipaniya a shekarar 1824 ya koma birnin Bordeaux na ƙasar Faransa, inda ya rasu a shekarar 1828.

3.2 Abin da Ya Faru a Madrid

Ba za a fahimci zanen ba sai an san abin da ya haifar da shi. A shekarar 1807 Napoleon, sarkin Faransa, ya ƙulla yarjejeniya da Sipaniya a kan su haɗu su ci ƙasar Fotugal, wadda take ƙawance da Ingila. Da wannan hujja sojojin Faransa suka shiga Sipaniya a matsayin abokai, amma da suka shiga sai suka kama manyan garuruwa suka zauna. A daidai wannan lokaci gidan sarautar Sipaniya yana cikin rikici. A watan Maris na 1808 aka tilasta wa Sarki Carlos na Huɗu ya sauka ya bar wa ɗansa Fernando na Bakwai gadon sarauta. Napoleon ya kira uban da ɗan zuwa garin Bayonne a Faransa, ya sa duka biyun suka haƙura da sarautar, ya ba wansa Joseph Bonaparte.

Ranar 2 ga watan Mayu 1808 mutanen Madrid suka taru a ƙofar fada domin su hana Faransawa tafiya da ƙaramin ɗan sarki, Francisco de Paula. Sojoji suka buɗe wuta, sai bore ya bazu cikin gari. Talakawa suka fito da wuƙaƙe da sanduna da duk abin da hannu ya kai gare shi. Kwamandan Faransawa, Joachim Murat, wanda yake auren ƙanwar Napoleon, ya murƙushe boren a ranar, sannan ya ba da umarnin a harbe duk wanda aka kama da makami. A daren nan, zuwa asubahin 3 ga wata, aka yi ta harbe mutane a wurare dabam-dabam na birnin. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne tudun Príncipe Pío, inda aka kashe mutum fiye da 40. Wannan kisa na bayan gari shi ne abin da zanen yake nunawa.

Maimakon kisan ya kwantar da ƙura, sai ya zama mafarin yaƙin da aka yi ta gwabzawa har shekarar 1814. A cikinsa mutanen karkara suka yi amfani da yaƙin sunƙuru, sojojin Ingila a ƙarƙashin Wellington kuma suka taimaka, har aka karya Faransawa a Vitoria a watan Yuni na 1813, Joseph Bonaparte ya fice daga ƙasar.

3.3 Dalilin Yin Zanen

Goya bai yi zanen ba sai bayan shekara shida da aukuwar abin. A watan Fabrairu na 1814, lokacin da ake jiran dawowar Sarki Fernando, ya rubuta wa gwamnatin riƙon ƙwarya takarda yana neman a taimaka masa ya dawwamar da jarumtakar da mutanen Sipaniya suka nuna wajen yi wa Napoleon bore. Gwamnati ta amince ta ɗauki nauyin aikin. Ya yi zane biyu masu girma ɗaya. Na farko shi ne “Biyu ga Watan Mayu 1808”, wanda yake nuna mutanen gari suna far wa mahayan dawakin Faransa, cikinsu har da sojojin Mamluk da Napoleon ya ɗebo daga Masar. Na biyu shi ne wanda ake nazari a nan.

Ya kamata a lura da halin da Goya yake ciki a lokacin. A zamanin mulkin Faransawa bai bar muƙaminsa ba. Ya yi rantsuwar biyayya ga Joseph Bonaparte kamar yadda sauran ma'aikata suka yi, har ya karɓi lambar girma daga gare shi a shekarar 1811. Saboda haka da Faransawa suka tafi, yana cikin waɗanda ake iya tuhuma da haɗa kai da abokan gaba. Ke nan yana da buƙatar ya nuna wa sabuwar gwamnati kishin ƙasarsa. Mutumin da yake cikin irin wannan hali, abin da ake zato shi ne ya yi zanen yabo tsantsa wanda zai faranta ran masu mulki. Wannan ne ya sa abin da ya zana ya zama abin a tsaya a duba.

3.4 Zubi da Tsarin Zanen

An yi zanen da fentin mai a kan ƙyalle. Tsayinsa santimita 268, faɗinsa kuma santimita 347, don haka mutanen da suke ciki sun kusa kai girman mutum na sosai. Yana ajiye a gidan adana zane-zane na Prado a Madrid.

Idan aka dubi zanen za a ga ya kasu gida biyu. A hannun dama akwai jerin sojoji sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, sun ba mai kallo baya, kowanne ya buɗe ƙafafu ya sunkuya a kan bindigarsa mai banati. Suna sanye da dogayen huluna da manyan riguna, da kaya a baya, da takubba a rataye. A hannun hagu kuma akwai waɗanda ake kashewa, tudu ya tokare su ta baya, babu hanyar gudu. Tsakanin ɓangarorin biyu an ajiye wata babbar fitila mai kusurwa huɗu a ƙasa. Daga nesa ana hangen gine-ginen gari da wata hasumiya irin ta coci cikin duhu. Sama baƙi ƙirin take, babu wata babu tauraro.

Su kuma waɗanda ake kashewa sun kasu kashi uku, kuma wannan rabo shi ne ƙashin bayan tsarin zanen. Kashi na farko su ne gawarwakin da suke kwance cikin jini a gaba. Kashi na biyu su ne waɗanda suke durƙushe a bakin bindiga, cikinsu har da wani malamin coci mai aski a tsakiyar ka, ya haɗa hannuwa yana addu'a, da kuma mutumin nan mai farar riga wanda ya ɗaga hannuwansa sama. Kashi na uku su ne dogon layin mutanen da suke hawowa tudun suna jiran nasu lokacin. Idan aka aro kalmomin nahawu, za a ce Goya ya haɗa shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci da lokaci mai zuwa a wuri ɗaya. Mai kallo yana ganin abin da aka riga aka yi, da abin da ake yi, da abin da za a yi. Gawar da take gaba ta faɗi rubda ciki hannuwanta a miƙe, daidai yadda mai farar riga ya miƙe nasa, wato ana nuna masa makomarsa tun kafin a harba. Wannan tsari yana sanar da mai kallo cewa kisan aiki ne da ake maimaitawa, rukuni bayan rukuni, har gari ya waye.

3.5 Salon Zanen

3.5.1 Haske da Duhu

Haske ɗaya ne kawai a cikin zanen, shi ne na fitilar da take ƙasa. Hasken ya faɗa a kan waɗanda ake kashewa, ya bar sojojin cikin inuwa. A al'adar zanen Turawa haske yakan zo ne daga sama a matsayin alamar rahama ko shiriya. A nan kuwa sojoji ne suka zo da fitilar, amfaninta kuma shi ne su ga inda za su saita bindiga. Wato abin da aka sani da taimakon mutum ya koma kayan aikin hallaka shi. Sai dai kuma fitilar ta yi wani aikin da masu ita ba su nufa ba, domin ita ce ta tona abin da aka so a yi a ɓoye cikin dare a bayan gari. Haka kuma farar rigar mutumin da wandonsa ruwan ɗorawa launinsu ɗaya ne da na fitilar, har rigar ta fi fitilar haske. Wannan ya sa duk wanda ya dubi zanen idonsa a kan mutumin yake fara sauka.

3.5.2 Fuska da Rashin Fuska

Wannan ita ce babbar dabarar da Goya ya yi amfani da ita. Waɗanda ake kashewa kowanne da irin halinsa. Wani ya zare ido, wani ya dunƙule hannu, wani ya rufe fuska da tafukansa, wani ya kai yatsu baki, wani ya sunkuyar da kai yana addu'a. Tufafinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Ke nan kowannensu mutum ne mai zaman kansa wanda yake fuskantar mutuwa ta hanyar da zuciyarsa ta iya. Sojojin kuwa ba a nuna fuskarsu sosai ba. Tsayuwarsu ɗaya, tufafinsu ɗaya, bindigoginsu sun jeru kamar haƙoran mataji. A nazarin waƙa akwai dabarar mutuntarwa, inda ake ba abin da ba mutum ba halin mutum. Abin da Goya ya yi wa sojojin kishiyar wannan ne, wato ya cire musu kamannin mutum ya mayar da su kamar inji guda mai hannuwa da yawa.

Bugu da ƙari, babu wani hafsa a cikin zanen da yake ba da umarni. Ba a ga Murat ba, ba a ga Napoleon ba. Wanda ya yanke hukuncin yana can nesa, waɗanda suke zartarwa kuma sun kafa idonsu a kan bindiga, ba su kallon fuskar wanda za su kashe, alhali bakin bindigar ya kusa taɓa ƙirjinsa. Kusancin da aka nuna ya wuce yadda masu harbi suke tsayawa a zahiri. Goya ya matso da su ne da gangan domin a ga cewa mutum yana iya kasancewa dab da ɗan'uwansa amma bai gan shi ba.

3.5.3 Alamtarwa

Mutumin mai farar riga a durƙushe yake, amma duk da haka ya fi na kusa da shi cika ido, har da zai miƙe tsaye da ya kere sojojin. Tufafinsa da duhun fatarsa sun nuna talaka ne mai aikin ƙarfi. Yadda ya buɗe hannuwansa ya yi kama da yadda Kiristoci suke zana Annabi Isa (AS) bisa aƙidarsu ta cewa an gicciye shi, kuma a tafin hannunsa na dama akwai wani tabo mai kama da gurbin ƙusa. Mutanen Sipaniya mabiya ɗarikar Katolika ne, don haka wannan alama ba za ta ɓace musu ba. Goya ya ɗauki siffar da aka keɓe wa mafi daraja a addininsu ya ɗora wa lebura wanda ba a san ko sunansa ba.

3.5.4 Launi da Shafin Fenti

Launukan zanen kaɗan ne: baƙi, da ruwan ƙasa, da ruwan toka, sai fari da ruwan ɗorawa a tsakiya, da jan jini a ƙasa. Goya bai tsaya gyara fuskoki da hannuwa su yi sumul kamar yadda masu zanen fada suka saba ba. Fuskar gawar da take gaba kusan dagwalon fenti ce kawai, jinin kuma an shafa shi ya cakuɗe da ƙasa. Mai zanen da ya shekara fiye da 20 yana zana sarakuna ba zai rasa iya gyara ba. Ya bar shi haka ne domin kada kisan ya yi kyaun gani.

3.6 Jigon Zanen

Kafin zamanin Goya, zanen yaƙi a Turai yawanci zanen yabo ne, inda ake sa sarki ko kwamanda a tsakiya. Misali, a zanen Diego Velázquez na miƙa wuyan garin Breda, wanda aka kammala a shekarar 1635, shugabannin ɓangarorin biyu ne a tsakiya, wanda aka ci yana miƙa mabuɗin gari, wanda ya yi nasara yana karɓarsa da mutunci. Yaƙi a irin wannan zane harka ce ta manya. A zanen Goya kuwa babu sarki, babu tuta, babu nasara. Wanda aka sa a tsakiya shi ne wanda aka ci, kuma saura ƙiris ya mutu.

Ana iya kawo hujjar cewa jigon zanen kishin ƙasa ne, tunda gwamnati ce ta biya kuɗinsa, an nuna Faransawa a matsayin azzalumai, an kuma ba mutumin Sipaniya siffar shahidi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma har yau mutanen Sipaniya suna kallon zanen a matsayin abin tunawa da gwagwarmayarsu. Amma akwai dalilai uku da suka sa wannan nazari ya ɗauki kishin ƙasa a matsayin ƙaramin jigo.

Na farko, a zanen shahidai na coci akan nuna shahidi cikin natsuwa yana duban sama, mala'iku suna jiransa da sakamako. A nan sama a rufe take, cocin da yake nesa babu haske a cikinsa, malamin cocin ma yana cikin waɗanda za a harbe. Idon mai farar riga cike yake da firgici, buɗe hannuwan nasa kuma yana iya zama ƙin miƙa wuya, yana iya zama roƙo, yana iya zama tambayar laifin da ya yi. Wanda yake son zuga mutane su fita yaƙi ba zai nuna gwarzonsa a haka ba.

Na biyu, zanen da yake abokin tafiyarsa, wato “Biyu ga Watan Mayu”, bai wanke mutanen Madrid ba. A can su ne suke riƙe da wuƙaƙe suna daɓa wa mahaya da dawakinsu, fuskokinsu a murtuke. Idan aka jera zanukan biyu za a ga wanda ya yi kisa da rana shi ake kashewa da dare.

Na uku, tsakanin shekarar 1810 da 1820 Goya ya yi wasu ƙananan zane-zane guda 82 da aka sani da “Masifun Yaƙi”, waɗanda ba a buga su ba sai a shekarar 1863, bayan rasuwarsa da shekara 35. A cikinsu ya nuna ta'asar sojojin Faransa, ya kuma nuna ta'asar mutanen Sipaniya, da yunwar da ta addabi Madrid a shekarun 1811 da 1812. Wannan ya tabbatar da cewa abin da ya dame shi shi ne abin da yaƙi yake mayar da mutum, ko daga wane ɓangare yake.

Dangane da haka, jigon zanen a gajarce shi ne munin kisan gilla. Ƙananan jigoginsa kuwa su ne kishin ƙasa, da tsoron mutuwa, da darajar talaka, da haɗarin biyayya ga umarni ido rufe.

3.7 Makomar Zanen da Tasirinsa

Sarki Fernando da mutanen Madrid suka mutu dominsa ya dawo a shekarar 1814, ya soke tsarin mulkin da aka rubuta a Cádiz a shekarar 1812, ya shiga ɗaure masu neman sauyi. Zanen da yake ɗaukaka talakan da ya yi bore bai dace da irin wannan mulki ba. Ya daɗe a ajiye ba a damu da shi ba, kuma bai shiga littafin jerin kayan gidan Prado da aka buga ba sai a shekarar 1872. A lokacin yaƙin basasar Sipaniya na 1936 zuwa 1939 an fitar da shi daga Madrid don gudun bama-bamai, a shekarar 1938 kuma shi da abokin tafiyarsa suka samu rauni a cikin motar da take ɗauke da su. An yi musu cikakken gyara a shekarar 2008, lokacin cika shekara 200 da boren.

Masu zane na baya sun ɗauki tsarinsa na jera masu bindiga a gefe ɗaya da waɗanda ake kashewa a ɗaya gefen. Édouard Manet na Faransa ya bi shi a zanensa na harbe Sarki Maximilian a Meziko, wanda ya yi tsakanin 1867 da 1869. Pablo Picasso ma ya bi shi a zanensa na kisan kiyashi a Koriya a shekarar 1951, inda ya mayar da sojojin kamar mutum-mutumin ƙarfe, ya sa mata da yara a gabansu.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an kawo tarihin Goya da abin da ya faru a Madrid ranakun 2 da 3 ga watan Mayu 1808, an kuma feɗe zanen ta fuskar zubi da tsari, da salo, da jigo. An ga cewa mai zanen ya nemi izinin nuna jarumtaka a lokacin da yake buƙatar wanke kansa a wurin masu mulki, amma dabarun da ya yi amfani da su, wato raba waɗanda ake kashewa kashi uku, da sanya fitila a hannun masu kisa, da ɓoye fuskokin sojoji, duk sun karkata ga nuna munin kisan wanda ba shi da kariya. A babi na gaba za a dubi zanen “Guernica” na Picasso, wanda aka yi a shekarar 1937, domin a ga yadda wannan jigo ya sake fitowa a zamanin da kisa ya koma zuwa daga jirgin sama.